ZAZZAƁIN DA YA KE HUDA HANJI

Mu da mu ke tare da yara a makaranta mun saba jin iyaye suna cewa, "Ai ɗan zazzaɓi ne, zai tashi." Sau da yawa haka ne. Amma akwai wani zazzaɓi wanda ba sauro ne ya ke kawo shi ba, maganin cizon sauro kuwa ba ya kashe shi. Sunansa taifot. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a 2019 ya kama mutum wajen miliyan 9, ya kashe kusan 110,000.

Ƙwayar cutar ta kan fito cikin bayan gidan mai ciwo. Ruwan sama ya kwashe ta zuwa rafi ko rijiya, ko ƙuda ya ɗauke ta zuwa kan abinci, ko kuwa hannun da ba a wanke ba ya kai ta baki. Bayan mako 1 zuwa 3 sai zazzaɓi ya soma, yana ƙaruwa kowace rana, da ciwon kai da kasala.

Ga inda hatsarin ya ke. Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai wajen mita 6. Can kusa da ƙarshensa ne ƙwayoyin su kan taru, wurin ya kumbura, ya zama gyambo. In ba a yi magani ba, wajen mako na uku gyambon yana iya cin bangon hanji har ya huda shi. Ƙazanta ta tsiyaye cikin ciki. Sai cikin ya kumbura, ya yi tauri kamar allo, yaro ba ya yarda ko a taɓa shi. A nan ba abin da zai cece shi sai tiyata, a ɗinke hanjin. Kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a kai shi wurin wanzami a tsaga. A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Wani kuma ya kan warke, amma ƙwayar ta ɓuya cikin madaciyarsa. Akwai kuma mai ɗauke da ƙwayar ba tare da alamar ciwo ba, kamar Mary Mallon, wata mai dafa abinci a Amurka. A 1907 aka gane ita ce ta ke sa wa gidajen da ta yi wa aiki ciwo, ita kuwa lafiyarta lau.

To, me za mu yi? Mu tafasa ruwan sha. Mu haƙa masai nesa da rijiya, mu rufe bakinsa. Mu wanke hannu da sabulu bayan mun zaga, da kuma kafin mu taɓa abinci. Akwai allurar rigakafi, mu tambayi ma'aikacin lafiya. In an ba da magani, a shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi, gama yankewa ya kan sa ciwon ya dawo.

Iyaye, zazzaɓin da ya wuce kwana 3 bai sauka ba, a kai yaro a gwada jininsa. Rigakafi ya fi magani.