Hanyar kwalta da ramin yanyawa: tun ran gini, ran zane

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Doso, Kore Mai Ruwa da Dogon Dutsi ta nufi Ƙonni, ita ce jijiyar kasuwancin ƙasar Arewa. Babu mai musun amfaninta. Sai dai duk inda katafila ta sa haƙori domin shimfiɗa kwalta ko gyara ta, akwai masu gida a ƙarƙashin ƙasa da ba a yi wa sallama. Ɗaya daga cikinsu ita ce yanyawa.

Yanyawa 'yar ƙaramar dabba ce dangin dila, mai launin rairayi da manyan kunnuwa, nauyinta bai cika wuce kilo 3 ba. Mazauninta shi ne yankin Sahel, tun daga Senegal har Sudan. Da rana tana kwance cikin rami, wanda tsawonsa kan kai mita 15, sai dare ya yi ta fito kiwo. Abincinta kusu, fara, ƙadangaru da 'ya'yan itatuwa. Ke nan mai gadin gona ce da ba ta karɓar albashi. Manoman da suka ga yadda ɓeraye suka addabi ƙasashen Sahel a 1986 da 1987, suna tone irin hatsi tun kafin ya tsira, sun san darajar mai cin ɓera.

A 2012 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, UICN, ta sanya yanyawa cikin dabbobin da ba su kai bakin ƙarewa ba. Amma kada wannan ya sa mu barci. Raƙumin dawa ya taɓa yawaita a Afirka ta Yamma, sai ga shi a 1996 guda 49 kacal suka rage, dukansu a Nijar, wajejen Kure. Da aka tashi tsaye, adadinsu ya zarce 600, har aka kai 8 Gadabeji a 2018. Raƙumin dawa dogo ne, kowa ya ga raguwarsa. Dabbar da ke cikin rami kuwa tana iya ƙarewa a wani yanki ba tare da labari ya kai ofis ba.

Ta hanya uku aikin hanya ke cutar da ita. Na farko, share fili da haƙar marmara suna rufta ramuka, wani lokaci da 'ya'ya a ciki. Na biyu, ramukan da ma'aikata ke bari buɗe da dare tarko ne. Na uku, idan hanya ta yi kyau gudu yakan ƙaru, dabbar da fitila ta kashe wa ido kuma tsayawa take yi cak.

Maganin ba mai tsada ba ne. A jihar Kaliforniya ta Amurka akwai wata 'yar'uwar yanyawa da aka sa cikin dabbobi masu shirin ƙarewa tun 1967. Ƙa'idar da aka gindaya wa 'yan kwangila a can ita ce: a zagaya filin a nemi ramuka kafin fara aiki, ramin da zurfinsa ya wuce santimita 60 a rufe shi da yamma, ko a jingina katako domin dabba ta hau ta fita, a leƙa cikin bututu kafin a binne shi, motocin aiki kuma kada su wuce kilomita 30 a awa. Wanne ne ya fi ƙarfinmu a ciki? Maharba da makiyayan Dallol Mawri sun san ramukan dajinsu, tambayarsu kawai ake bukata. Kadarkon da ake yi wa ruwa ma, in an yashe shi, mashigi ne ga ƙananan dabbobi.

Doka kuwa ba ita muka rasa ba. Tun 1997 Nijar ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli. A 1998 aka kafa doka mai lamba 98-07 kan farauta da kare namun daji, a 2018 kuma doka 2018-28 ta sabunta tsarin binciken, ƙarƙashin kulawar hukumar BNEE. Abin da ya rage shi ne takarda ta sauka daga tebur ta isa wurin aiki.

Saboda haka kira biyu ne. Ma'aikacin da zai sa hannu a kan kwangilar hanya a gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, ya tabbata an rubuta waɗannan sharuɗɗa a cikinta, an kuma tura jami'an gandun daji su duba kafin katafila ta iso. Mai kamiyo kuma ya gargaɗi direbansa da ya sassauta ƙafa da dare. Ramin da aka kewaye kafin aiki bai ci ko dala ba. Wanda aka rufta kuwa, manomi ne zai biya kuɗinsa da damman hatsi.