Iskar Taya: Zafi, Danshi da Batun Naitirojin

Direba ya taso daga Kano da asubar hunturu, mai faci ya ɗora masa geji ya nuna 32. Ya isa Kaduna rana ta take, aka sake gwadawa, sai ga 38. Ba wanda ya ƙara masa iska a hanya. Zafi ne ya yi aikinsa: iskar da ke kulle a cikin taya in ta ɗumama sai ta ƙara tunkuɗar bangon tayar. A ƙiyasin masana, duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas yana ɗaga geji da kusan maki 1, sanyi kuma ya sauke shi haka.

A nan ne direbobi da yawa ke yin kuskure. Da sun ga geji ya hau, sai su ce a rage musu iska kada tayar ta fashe. Masu ƙera taya sun riga sun yi lissafin wannan hawan. Wanda ya sace iska da rana, washegari da safe zai tarar tayarsa ta yi laushi, kuma taya mai laushi ita ce ke lanƙwashewa a kan kwalta, ta ɗauki zafi, zarenta ya saki, ta yi bindiga ana tsakar gudu.

Sai maganar danshi. Injin iska na mai faci iskar gari yake zuƙa ya matse, ruwan da ke cikinta kuwa ya taru a gindin tanki, musamman da damina. Akwai ɗan famfo a ƙasan tankin da ake buɗewa a zubar da shi. In an buɗe, ruwa ne ja mai tsatsa ke tsartuwa. Idan ba a zubar ba, ɗigonsa na bin tiyo ya shige taya. Da sanyi ruwan na kwance shiru, amma taya na kai digiri 55 zuwa 60 sai ya zama tururi, ya ƙara maki 2 zuwa 3 a kan hawan da aka saba. Ƙafa ɗaya mai ruwa, ɗaya busasshiya, sai mota ta riƙa ja gefe. Ga kuma tsatsar da yake jawo wa rim na ƙarfe.

Wannan ne ya sa ake tallar iskar naitirojin. Gaskiyarta ita ce busasshiya ce, amma zafi na kumbura ta kamar yadda yake kumbura kowace busasshiyar iska. Iskar da mutane ke shaƙa ma kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ajiye tayoyi tsawon shekara guda: masu iskar gari sun rage maki 3.5, masu naitirojin 2.2. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

Inda naitirojin take da muhimmanci shi ne jirgin sama. A 1986 wani jirgin kamfanin Mexicana ya faɗi a Meziko, mutum 167 suka rasu, bayan birki ya yi zafi, tayar da aka cika da iskar gari ta fashe. Naitirojin ba ta ciyar da wuta, shi ya sa manyan jirage ke amfani da ita.

Mai mota ya gwada tayoyinsa da safe kafin ya motsa, aƙalla sau ɗaya a wata, har da sifeya. Ya bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, domin wadda ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Kafin a buga masa iska kuma, ya tambayi mai faci yaushe rabonsa da zubar da ruwan tanki.