Yadda nake jera waƙoƙin Sallah a memori ɗaya

Yau maganar waƙoƙin Sallah za mu yi, kuma daga yankinmu na Kura da Bunkure zan ɗauko misali, inda ruwan dam ɗin Tiga ke bin kanal yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir.

Ga inda matsalar take. Sifika ɗaya ce a gida, amma kunnuwa kala uku ne: na su Baba, na su Inna da baƙinsu, da namu. Ka cika memori da zaɓinka kai kaɗai, kafin azahar an ce ka kashe, shi ke nan gida ya yi tsit ranar Sallah. Shi ya sa a wurina jerin ya fi zaɓin muhimmanci, wato wace waƙa ce za ta zo a wane lokaci.

Kafin a sauko daga Idi ba na kunna komai, lokacin kabbara ne. Da an dawo, sai kiɗan fada: Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo, masu kotso. Shi ne ya dace da sabuwar shadda da gaishe-gaishe, kuma dattijo na jin sa zai gyara zama. Daga nan sai kalangun Mamman Shata. Shata ya rasu tun 1999, amma har yau ka saka shi a majalisa sai wani ya ɗauko labarin wanda aka yi wa waƙar, hira ta ɓarke. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa kuwa nakan ajiye shi lokacin cin tuwon Sallah, don kiɗansa ba ya danne magana.

Tsakar gida da rana ta mata ce. A nan Barmani Choge ke shiga da kiɗan ƙwarya, sai in bi ta da Ali Jita ko Ado Gwanja. Dabarar ita ce kada ka yi tsalle daga kaset ɗin da can zuwa sautin situdiyo kai tsaye. Nakan saka Aminu Ala ko Naziru Sarkin Waƙa a tsakani, saboda salonsu na da ƙafa ɗaya a gargajiya, ɗaya a zamani. Bayan la'asar, in manya sun fita ziyara, sai Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa, har DJ AB in 'yan hip-hop sun matsa.

To ina na waje? Indiya dai 'yar gida ce, muryar Lata Mangeshkar ba baƙuwa ba ce ga iyayenmu. Akwai jitar Bombino daga Agadas. Amma wanda ba na bari ya wuce ni shi ne Ali Farka Toure na ƙasar Mali. Mutumin nan duniya ta san shi da jita, ya ci kyautar Grammy, amma shi manomi yake kiran kansa. Garinsu Niafunke yana bakin kogin Kwara, noman ban-ruwa ya yi a can, har ya zama magajin garin a 2004, ya rasu a 2006. Kiɗansa a natse yake, irin wanda za ka saka a kunne da yamma. Kun san a shekarun nan Ƙaramar Sallah a rani take faɗowa, kuma shuka ba ta san Sallah ba. Wanda zai cire sabon kaya ya leƙa gona ya ba da ruwa, wannan ɓangaren nasa ne.

Abu biyu nake tsallakewa. Na farko waƙar siyasa, komai daɗinta, don gida ɗaya za ka tarar da jam'iyya biyu. Na biyu, duk waƙar da ban saurara daga farko har ƙarshe ba. Tsufan waƙa ba ya nufin tsabtarta, wasu na da akwai zambo da baitocin da ba za ka so su fito gaban surukai ba. Waƙoƙin bege ma ka san gidanku: wani gidan su ake fara nema, wani kuma a'a.

Kada ka dogara da intanet ranar Sallah, ka sauke komai tun ana saura kwana biyu, ko ka kai memori wajen masu turi. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan MB 1 duk minti, ke nan awa 4 bai wuce MB 250 ba. Ka sa lamba a gaban sunan kowace waƙa, 01, 02, haka, don da yawan ƙananan sifikun nan da suna ko da yadda aka tura suke bi. Tsofaffin waƙoƙi sautinsu ƙasa-ƙasa yake, na yanzu kuma da ƙarfi, sai ka zauna kusa da sifikar a inda suka haɗu. A cika caji tun dare, kuma da an kira sallah a dakatar, in an idar a ci gaba daga inda aka tsaya.