Gargaɗi ga Masu Dawowa Gida: Kada Korar Wari Ta Zama Ajali

Jama'ar Boɗinga da Shagari! Wannan kira ne na gaggawa ga duk wanda ya kulle ɗaki ya yi tafiya, da duk wanda ke shirin gyara wa mai dawowa wurin kwana. Idan ka buɗe ƙofa wari ya buge ka, kada ka hura garwashi ka mayar da ƙofa ka rufe. Kada ka fesa fiya-fiya ka shimfiɗa tabarma. Kada ka jefa ƙwayar maganin hatsi a ƙarƙashin gado, kuma kada ka haɗa magungunan wanki biyu a bokiti ɗaya. Warin ɗaki ba ya kashe mutum a dare ɗaya, amma kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan huɗu yana iyawa.

Masu dawowa suna da yawa a tsakaninmu. Aikin hajji a shekarun nan yana faɗowa ne a bakin damina: a 2024 da 2025 duka cikin watan Yuni aka hau Arfa. Alhaji ya bar gida ƙasa a bushe, ya sauka a filin jirgin Sultan Abubakar III bayan wata guda da ɗoriya, ya tarar ruwa ya sauka, bango ya sha. Ga malaman makaranta da ke kulle ɗakunansu a dogon hutu, daidai watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi. Ga matan da suka je wankan gida, ga 'yan ci-rani, ga kuma bayin Allah da tashin hankali ya raba da ƙauyukansu suke komawa a hankali. Daga Sifawa zuwa Danchadi, daga Kajiji zuwa Dandin Mahe, ɗakin da aka rufe cikin laima halinsa ɗaya ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanmu ya faru. Matar ƙanena ta dawo daga wankan gida da ɗanta na fari, bayan ta yi fiye da wata biyu. Ɗakinta shigifa ce mai taga ɗaya, kuma tun da za ta tafi aka toshe tagar da tsumma saboda ƙura. Da aka buɗe, katifa ta yi ɗigo-ɗigon baƙi ta gefen da ke jingine da bango, takalman fata sun yi furfura, atamfofin da ke cikin akwati kuwa sai ka kawar da kai. Washegari mata za su zo ganin jariri, kuma wace mace ce za ta yarda a ce ɗakinta na wari? Sai ta cika kasko da garwashi, ta zuba turaren wuta, ta ja ƙofa don ƙamshin ya kama kaya. Bayan isha'i ta ƙara garwashi, ta shiga da yaron ta kwanta.

Mahaifiyarmu ce Allah ya tasa cikin dare, don ba ta ji kukan jaririn ba a lokacin da ya saba. Ta tura ƙofa ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Tashi mana!" Da ƙyar ta buɗe ido ta ce, "Inna, kaina ke sarawa, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata." Aka ciccibo ta waje tana amai, yaron ya yi laushi kamar tsumma. Allah ya sa da sauran kwana, aka kai su asibiti suka farfaɗo. Har yau idan na tuna cewa a lokacin hayaƙin turaren ma ya riga ya lafa, ɗakin sai ƙamshi, jikina yakan yi sanyi.

Nan ne haɗarin yake. Garwashin da ke ci a wurin da iska ba ta shiga yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga jini takan manne masa fiye da yadda iskar oksijin ke yi sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya riƙa zagaya jiki ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Alamunta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, shi ya sa ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiyar hanya, a ce wa mutum ya koma ya kwanta. Mai barci kuwa ba ya jin komai, daga barcin yake wucewa. Jarirai, masu juna biyu da tsofaffi su ta fi saurin kayarwa. Garwashin da ya yi jajir ba hayaƙi yana nan yana fitar da ita. Janareta ma haka: wanda ya shigo da shi zaure ko baranda don ya kunna fanka ta kori wari, ya jawo gubar nan har bakin gadonsa. A ajiye shi a fili, nesa da taga da ƙofa da aƙalla mita 6.

Na san akwai masu cewa ɗakin da ya daɗe a rufe sai an yi masa hayaƙi saboda abin da ido ba ya gani. A yi addu'a, a yi karatu, babu mai hana wannan. Amma a yi ƙofa da taga suna buɗe, kuma a fitar da kaskon kafin kowa ya kwanta.

Sai maganin ƙwari. Mai dawowa yakan tarar da kyankyasai da kuɗin cizo sun yi gida, sai zuciya ta ɗebe shi ya nemo mafi ƙarfi. Fiya-fiya da Sniper da ire-irensu masu ɗauke da sinadarin DDVP na gona ne, ba a yi su don ɗakin kwana ba. Tun a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensu a kasuwanni da kantuna, amma har yanzu ana samunsu a teburin mai kayan koli ranar kasuwa. Suna shiga ta numfashi, suna shiga ta fata, kuma katifar da aka fesa tana riƙe su. Wanda suka kama za ka ga yawu na dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, ƙirji ya cushe.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ƙwayar nan mai ruwan toka da ake sa wa buhun wake ko hatsi, wadda wasu ke kira bam. Da zarar ta haɗu da laima sai ta fara sakin iskar fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da kusan giram 1 na gubar. To ka duba: ɗakin da ke warin funfuna ai cike yake da laima, wato ka ba ta abin da take nema. Iskar tana bin tsagar bango da saman silin ta shiga ɗakin da ke kusa, inda yaran maƙwabci ke barci. Wani lokaci takan yi wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada ka dogara da hancinka. Wannan guba ba ta da makari a asibiti, sai dai a yi ta tallafa wa numfashi da zuciya ana roƙon Allah. Wurinta rufewa ce ko sito da ke nesa da inda mutane ke kwana, a hannun wanda ya san aikinta.

Game da wanki, magana ɗaya ce. Bilic irin su Hypo da Jik, ruwa kaɗai ake haɗa shi da shi. Idan ka zuba masa maganin wanke masai mai asid, ko ruwan khal, ko lemun tsami, zai tashi iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma bayin gidajenmu ƙanana ne, ba su da mafitar iska.

To me za a yi da warin? A saurare shi, don labari yake bayarwa. Da farko ka tsaya a bakin ƙofa, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki idan akwai tukunyar gas a ciki kuma ka ji wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai. Buɗe ƙofa da taga, ciro tsumman da aka toshe kafofi da shi, ka fita ka ba ɗakin aƙalla minti 30 kafin ka fara aiki. Yara da masu asma su zauna a waje har a gama. Ka shigo da takalmi a ƙafa, da tocila, da sanda, ka riƙa ɗaga kaya da sandar kafin ka sa hannu, saboda kunama da kububuwa suna son inda ba a motsi.

Daga nan ka ɗaga kai sama. A shigifa, duba azara ko gara ta ci, ko rufin ya yi ciki, ka hau ka ga ko indararo ya toshe ruwa ya kwanta. Rufin ƙasa da ya sha ruwan Agusta nauyinsa ba wasa ba ne, kuma warin laima mai ƙarfi sau da yawa shi ne gargaɗin farko kafin ya rufto. A ɗakin kwano, nemo inda ke yoyo, ka duba silin ko jemagu sun tare. Duba gindin bango, musamman bayan gado da kabad. Funfuna ba ta bukatar fiye da kwana ɗaya zuwa biyu ta fara tsiro a kan abu mai danshi, kuma muddin ba a tare inda ruwan ke shigowa ba, ko kwalbar turare nawa ka ƙarar za ta dawo. A gidan da ke da bayi na zamani, ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututu yakan ƙafe idan an daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai warin rami ya taso. Bokiti ɗaya na ruwa ya isa ya tare shi.

Sauran aikin na rana ne, kuma mu a ƙasar Sakkwato ba mu rasa ta ba ko a tsakiyar damina. A fitar da katifa, filo, darduma, tabarma da kayan akwati a baza su, a juya su, kwana biyu ko uku idan da hali, a kwashe kafin hadari. Abin da ke wankuwa a wanke da sabulu ya bushe ƙarau kafin a ninke. Bangon siminti a goge da ruwan sabulu, a bi da bilic mai ruwa, taga a buɗe. Katifar soso da funfuna ta ci har ciki a haƙura da ita. Na san kuɗi ne, amma jinyar yaro mai tari kullum ta fi ta tsada. Tun a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan laima da funfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari, shessheƙa da tashin asma. Gawayin da ba a kunna ba, a zuba a kwano a ajiye a lungu ko cikin kabad, yana taimakawa wajen tsotse sauran warin. Turaren wuta shi ne na ƙarshe, bayan ɗaki ya bushe, da rana, ƙofa a buɗe.

Idan ka ga kashin kusu, kada ka sa tsintsiya a bushe ƙura ta tashi ka shaƙa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga mutum. Ɗaure hanci da baki, sa safar hannu ko leda, yayyafa bilic kofi 1 cikin ruwa kofi 9, bari ya jiƙa minti 5, sannan ka kwashe. Mushen ɓera a binne shi da zurfi. Kwanuka da tukwane duk a sake wankewa. Wanda ya kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin magani cikin mako uku bayan irin wannan shara, ya je asibiti ya faɗi aikin da ya yi.

Abinci kuma, don Allah kada a yi masa rowa. Gyaɗa, masara, dawa ko garin da aka bari suka yi kore-kore, suka dunƙule ko suke warin funfuna, suna iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta. Wanki ba ya fitar da ita, dahuwa ba ta kashe ta, shanya ba ta mayar da hatsin lafiyayye. A 2004 a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu sanadin cin masarar da ta kamu da ita. Kada kuma a zuba wa kaji ko saniyar tatsa, don gubar tana biyo nonon saniya. Naman da ya kwana a firjin da wuta ta ɗauke, a zubar. Mutanen Kajiji ba su manta da watan Agustan 2024 ba, lokacin da mutum bakwai 'yan gida ɗaya suka rasu a Runjin Barmo bayan cin abincin da aka yi da rogo, Allah ya jiƙansu. Na tuno da su ne don gidajenmu tukunya ɗaya suke ci, abin da ya shiga cikinta kowa ya samu rabonsa.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, ka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suna ciwon kai ko amai lokaci guda, ko wani ya ƙi farkawa, fitar da kowa fili nan take, ka bar ƙofa a buɗe. Wanda maganin ƙwari ya zuba a jikinsa a cire masa tufafi a wanke shi da ruwa da sabulu. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe. A garzaya babban asibitin Boɗinga ko na Shagari da kwalbar ko ledar maganin a hannu, ko da mutumin ya ce ya ji sauƙi. Idan sun tura ku Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ku wuce a daren, kada ku jira gari ya waye.

Ina roƙon limamanmu su faɗi wannan bayan sallar Juma'a, hakimai da masu unguwanni su sa a yi shela, malaman Islamiyya su gaya wa mata, don su ke riƙe da kaskon. Wanda kuma yake da ɗan'uwa a hanya, ya karɓi makulli ya buɗe masa ɗakin kwana uku kafin ya iso.