Kujera Kafin Tebur: Zaɓen Kayan Ofis na Cikin Gida

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, aikin ofis ya shigo falo da ɗakin kwana, kuma har yau bai koma ba. Malamin jami'a mai duba takardun ɗalibai, da akawu mai haɗa lissafin 'yan kasuwa, da matar aure mai sayar da atamfa da turaren wuta ta intanet, da matashin da ke yi wa wani kamfani na ƙetare aikin kwamfuta, duk a gida suke wuni a zaune. Da yawansu sun zuba kuɗi mai kauri a kan kwamfuta da sola, amma abin zamansu kujerar roba ce irin ta gidan biki, ko bakin gado, ko kushin ɗin falo mai nutsewa da mutum. Bayan 'yan watanni ƙugu ya riƙe, wuya ya sage, sai a ce basir ne, a shiga neman jiƙo.

Ranar da irin wannan mutum ya yanke shawarar haɗa ofishinsa, yawanci da ido yake sayayya. Zai shiga shago ya hango ƙaton tebur mai sheƙi da doguwar kujerar manaja baƙa wul, ya ji a ransa cewa ai wannan shi ne ofis. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kayan da suka dace da ofishin shugaban ma'aikata, wanda aikinsa karɓar baƙi da sa hannu, ba lalle su dace da wanda zai wuni yana buga rubutu a ɗaki mai faɗin ƙafa goma ba. A ganina, idan kuɗinka ba su da yawa, ka ba kujera kaso mafi tsoka, tebur ya biyo baya, sauran kuma su jira.

Dalili kuwa a jikinka yake. Ƙashin bayan mutum ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa a daidai ƙugu wadda ta shiga ciki. Idan ka zauna a abin da ba ya tallafar wurin nan, sannu a hankali bayan zai lanƙwashe ta waje, kafaɗu su zubo gaba, kai ya leƙa wajen allon kwamfuta. Kan baligi yana da nauyin kusan kilo 5, kuma duk lokacin da ya karkata gaba, jijiyoyin wuya ne ke ɗaukar dakonsa. Saboda haka abu na farko da za ka duba a kujera shi ne majinginarta: shin tana da ɗan tudu da ke cika ramin ƙugunka idan ka jingina? In babu, ƙaramin matashi ko naɗaɗɗen tawul na iya toshe giɓin, amma gara a sayi mai shi tun farko.

Sai tsayi. Kujera mai kyau ana ɗaga ta ana sauke ta, galibi tsakanin santimita 40 zuwa 52 daga ƙasa. Ma'aunin da ba ya kuskure shi ne, idan ka zauna tafin ƙafarka ya kwanta a ƙasa sosai, cinyoyinka su miƙe, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa da shi. Ka matsa har bayanka ya taɓa majingina, sannan ka sa hannu tsakanin bakin kujerar da bayan gwiwarka. Ya kamata yatsu biyu ko uku su shiga. Idan bakin kujerar na tokarar bayan gwiwa, mazaunin ya yi maka zurfi, zai danne jijiyoyi, ƙafa ta riƙa yin sanyi da tsami. Wannan shi ne babban aibin kujerar manaja ga mai matsakaicin jiki, musamman mata: ƙafa na lilo, baya bai kai majingina ba, mutum na zaune a gaɓar kujera yini guda. Madafar hannu ma a duba ta. Idan ta yi tsawo za ta ɗage kafaɗu, kuma za ta hana kujerar shiga ƙarƙashin tebur. Mai taya kuwa, ƙafafunta su kasance biyar, don mai huɗu tana da saurin kifewa idan an jingina da ƙarfi.

Akwai kuma abin da masu ƙera kujerun ba su yi lissafinsa da mu ba, wato zafi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ga wuta ba tabbas, kujerar da aka lulluɓe da fatar roba azaba ce. Ba ta shan iska, gumi na taruwa, kuma ba a daɗewa take fara ɓarewa tana zubar da ɓawo a jikin tufa. Mai bayan raga ta fi dacewa da ƙasarmu, sai mai yadi. Soson mazauni kuma ka danna shi da tafin hannu. Idan ka ji katakon ƙasa nan take, ba zai yi shekara ba zai lotse. Kada a raina gwanjo a nan. Kujerar da wani banki ko babban kamfani ya sallama, in silindar ɗaga ta na aiki kuma tayoyinta lafiya, sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko nesa ba kusa ba.

Idan an gama da kujera, a kanta ake auna tebur. Teburan shago yawanci tsayinsu inci 29 zuwa 30 ne, kimanin santimita 74 zuwa 76, kuma wannan ya fi dacewa da dogon mutum. Ka zauna a kujerarka, ka saki kafaɗu, ka lanƙwasa gwiwar hannu kamar za ka yi rubutu. Inda hannunka ya tsaya, nan saman tebur ya kamata ya tsaya. A nan ne kafinta ya fi shago, domin zai yanka maka daidai jikinka. Idan kuwa teburin ya riga ya zo da tsawo, ka ɗaga kujera ka sa matakin katako a ƙarƙashin ƙafa. Tsawon ƙafa huɗu da faɗin ƙafa biyu ya ishi yawancin masu aiki da kwamfuta ɗaya. Ka hana kafinta cika ƙarƙashin teburin da durowoyi, musamman doguwar nan ta tsakiya da ke danne cinya. Durowa biyu a gefe ɗaya, ɗaya mai makulli saboda yara, sun wadatar.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da wata illa da babu teburin da zai gyara: allonta da madannanta a haɗe suke. In ta yi wa hannu daidai, ta yi wa ido ƙasa. Maganin ba shi da tsada. A ɗora ta a kan ɗan dandamali ko tarin littattafai har saman allon ya zo daidai ido, a nisan miƙa hannu ɗaya, sannan a sayi madannai da linzami na daban a ajiye a kan tebur.

Maganar katako tana son natsuwa, don a nan ake cin kuɗin mutane. Yawancin teburan shago masu sheƙi da allon MDF ake yin su, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse. Yana da santsi da araha, amma ruwa abokin gabarsa ne. Ruwan mopa ko yoyon damina ya taɓa gindinsa, sai ya kumbura ya fara rugurgujewa, kuma ba ya riƙe ƙusa idan an kwance an sake ɗaurawa, abin da ya kamata ɗan haya mai yawan ƙaura ya sani. Warin da sabonsa ke yi kuma daga sinadarin gam ɗin ne, don haka a bar taga a buɗe kwanakin farko. Filawud mai kauri ya fi shi juriya. Katakon gaske kamar madaci ko iroko ya fi duka, kuma iroko ba ya saurin ba gara wuri. Sai dai akwai tarko: katako da yawa daga kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima. Idan kafinta ya yi aiki da shi bai bushe ba, hunturu na kamawa zai tsage ko ya murɗe, durowa ta ƙi rufuwa. Wanda zai je 'Yan Katako a Na'ibawa ta Kano, ko wata kasuwar makamanciyarta, ya tafi da wanda ya san busasshe. Wata dabara mai sauƙin kuɗi ita ce mai walda ya haɗa ƙafafun ƙarfe, irin aikin da Panteka ta Kaduna ta yi suna a kansa, kafinta ya ɗora saman katako. Gara ba ta cin ƙarfe, ruwan shara ma ba ya kumbura shi.

Wurin ajiye takardu ba ya bukatar dogon bayani. Buɗaɗɗiyar kanta tana da kyau a hoto, amma ƙurar hunturu za ta mayar da kai mai kakkaɓa kullum. Kabad mai ƙofa ya fi, kuma a ɗan janye shi daga bango saboda gara da danshi. Tebur ya zauna kusa da soket, taga tana gefenka, domin idan tana gabanka haske zai kashe maka ido, idan tana bayanka zai faɗa kan allo. Batirin inbata kuma kada a kulle shi cikin kabad, yana son iska.

Masu jin daɗin zaman ƙasa a kan darduma, kamar yadda malamanmu suka saba, ba su yi laifi ba. Su nemi guntun tebur da matashin jingina a bango, kada su ɗora kwamfuta a cinya su duƙufa a kanta. Kuma ko kujerar da ta fi kowace tsada ba ta ɗauke wa mutum tashi. Kowane rabin sa'a ko makamancin haka a miƙe a ɗan taka, a ɗauke ido daga allo a kalli nesa.

Ranar da za ka fita sayayya, ka auna ɗakin da faɗin ƙofarsa, ka sa tef ɗin awo a aljihu. Idan ka ga kujerar da ta kwanta maka, ka roƙi mai shago ya bar ka ka zauna a kanta kamar minti goma sha biyar, ka ɗaga ta, ka sauke ta, ka jingina, kafin a fara maganar farashi. In ya ƙi, ka wuce shago na gaba.