Gwajin Bom a Hamada da Lafiyar Jama'ar Ƙasar Zuru

Duk shekara in hunturu ya kama, hazo ya rufe Zuru, Dabai, Danko, Wasagu da Sakaba, a kan ji masu cewa ƙurar tana ɗauke da gubar bom. An shirya wannan takarda domin Hakimai da malamansu su san gaskiyar al'amari, su kuma bayyana wa dagatai da talakawa.

Asalin maganar

Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fasa bom ɗin atom nata na farko kusa da Reggan, cikin hamadar Aljeriya, tafiyar mil dubu da ɗoriya arewa da Zuru. Ƙarfinsa ya ninka na bom ɗin Hiroshima kamar sau huɗu. Ta ƙara fasa uku a sarari kafin ƙarshen Afrilu, 1961, sa'an nan ta yi 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker har 1966. Bayan na uku, cikin Janairu, 1961, Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Balewa ta kori jakadan Faransa daga Ikko. Wata taswirar sojan Faransa da aka bayyana a 2014 ta nuna ƙurar bom na farko ta yaɗu cikin 'yan kwanaki har Chadi da Afirka ta Yamma.

Yadda ta ke cutarwa

Ƙurar bom tana fid da wani tururi wanda ba a ganinsa, ba a jin warinsa, amma ya kan ratsa jiki ya ɓata shi. Wanda ya sha shi da yawa a kusa ya kan ƙone, ya yi amai da zawo, gashinsa ya zube, wani ma ya mutu cikin makonni. Wanda ya sami kaɗan kuwa ba ya jin kome sai an jima. A Hiroshima sankarar jini ta fara yawa bayan shekara biyu, sauran iri na ciwon daji bayan shekara goma ko fi.

Ƙurar na sauka kan ciyawa, shanu su ci, gubar ta bi nono ta shiga yara. Wani irinta, aidin mai lamba 131, ya kan taru a gindin maƙogwaro, amma rabin ƙarfinsa na gushewa duk kwana 8. Wani kuma ya kan shiga ƙashi, shi sai kusan shekara 29 rabinsa ke gushewa.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne sojoji da leburori da Buzaye da sauran mazauna kusa da wurin. Ran 1 ga Mayu, 1962, dutsen In Ekker ya tsage, hayaƙi ya turnuƙe waɗanda suka zo kallo, har da ministoci biyu. Sai a 2010 Faransa ta yi dokar biyan diyya.

Hazon yau

Guba tana raguwa da nisa, tana kuma raguwa da daɗewa. Yau an fi shekara 60 da gwajin Reggan, kuma galibin hazon hunturu daga kwarin Bodele na Chadi ya ke tasowa, watau daga arewa maso gabas. Illarsa ita ce tari, ciwon ido da tashin asma, lokacinsa kuma lokacin sanƙarau ne. Maƙoƙo kuwa yawanci ƙarancin aidin na abinci ke kawo shi, rigakafinsa gishiri mai aidin.

Aikin Hakimai da malamai

1. A kwantar da hankalin jama'a, kada wani ya daina shan nono ko ya karya farashin dawarsa sabo da jita-jita.
2. Mai kumburin wuya, ko ƙari a jiki, ko gyambon da ya ƙi warkewa, a tura shi asibitin Zuru da wuri. Ciwon daji yana da dalilai da yawa, kuma ya fi jin magani tun yana ƙarami.
3. Malamai su kula da littafin haihuwa da mutuwa, su rubuta shekarun mamaci da irin ciwonsa. In cuta ɗaya ta yawaita a ƙauye, a sanad da likita nan da nan, gama da irin wannan lissafi likitoci ke gane tushen cuta.