Daga neman talla zuwa sayar da manhaja: abin da mai sauya sana'a zai tarar

A gidajen rediyo da talabijin da jaridu masu zaman kansu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa akwai ma'aikatan da ba a jin muryarsu, amma da guminsu ake biyan albashi. Su ne masu neman talla, waɗanda ke bi kanti kanti, ofis ofis, suna sayar da minti a rediyo ko gurbi a jarida. Aikin ya ƙara tsauri tun da ɗan kasuwa ya gane yana iya ɗaukar hoton kayansa da salula ya watsa a WhatsApp, Facebook ko TikTok ba tare da ya biya kowa dala ba. Shi ya sa wasunsu ke hangen wata sana'a mai kama da tasu, wato sayar da manhajar kwamfuta ga ƴan kasuwa da ma'aikatu.

Kasuwar kuwa akwai ta, kuma doka ce ta buɗe wani ɓangarenta. Hukumar haraji ta ƙasa, DGI, ta shigo da tsarin faktir mai shaida da ake kira SECeF, wanda ke neman kamfanonin da abin ya shafa su fitar da takardar cinikinsu ta na'ura ko manhajar da hukumar ta amince da ita. Tun 1 ga Janairun 2018 kuma, lissafin kamfanoni a ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, har da Nijar, yana bin sabon tsarin SYSCOHADA. Ga farmasi mai son sanin maganin da ya kusa lalacewa, ga makaranta mai zaman kanta da ke bin iyaye kuɗin karatu, ga babban ɗan kasuwa mai magaza uku da ba ya iya zama a cikinsu lokaci guda. Kowannensu na iya zama mai saye, ko na manyan manhajoji irin Sage da Odoo, ko na waɗanda matasan ƙasar ke ƙerawa da kansu.

Mai neman talla yana shigowa da jarin da injiniya ba ya da shi. Ya san wane ne ke yanke shawara a kowane gida, ya san alhajin da ba a yi masa maganar kuɗi sai an gama gaisuwa an sha shayi, ya saba da jin "ka dawo gobe" ba tare da ya yi zuciya ba. Kamfanonin manhaja da yawa sun iya ƙira, ba su iya shiga kasuwa ba.

Sai dai hajar ta bambanta, kuma a nan ne mutane ke tuntuɓe. Talla tana fita ta wuce. In ba ta kawo ciniki ba, ɗan kasuwa ya yi ƙorafi, ya haƙura. Manhaja kuwa tana zama a tsakiyar dukiyar mutum. Ranar da ta tsaya, ciniki ya tsaya, kuma lambar da za a kira ita ce ta wanda ya kawo ta, ba ta wanda ya ƙera ta ba. Wanda ya saba da zuzuta kaya zai sha wuya, domin duk alkawarin da ya yi da baki za a nemi a gan shi a allon kwamfuta. Gara ya ce "wannan ba ta yinsa" tun ranar farko da a gano hakan bayan an biya.

Mai saye ma ba mutum ɗaya ba ne. Maigida ne ke biya, amma kontabul da yaron kanti ne za su yi aiki da ita kullum. Wani lokaci yaron nan ba ya son ta ko kaɗan, saboda manhajar da ke ƙirga kowane kwali tana toshe ƴan hanyoyin da aka saba. Ba zai fito ya faɗa ba, cewa zai yi na'urar tana da wuya. Mai sayarwa da bai lura da wannan ba zai ga ciniki ya mutu bai san dalili ba.

Abin da ya kamata ya koya ba rubuta manhaja ba ne. Lissafin kasuwanci ne: mene ne harajin TVA na kashi 19 cikin 100 da yadda yake fita a faktir, amfanin lambar NIF, bambancin riba da kuɗin da ke cikin akwati, yadda ake ƙidayar kaya. Sai ya iya nuna manhajar da hannunsa, da sunayen kayan mai kantin, shinkafa da mai da sukari, ba da misalan da aka zo da su daga Turai ba. Galibin manhajojin da Faransanci suke, don haka iya fassara su da Hausa ko Zabarmanci a gaban mai saye rabin ciniki ne. Tambayoyi biyu kuma ba sa ƙarewa a nan ƙasar: in wuta ta ɗauke fa, in intanet ta yanke fa? Dole amsar ta kasance a bakinsa, kuma ta zama gaskiya.

Batun kuɗi shi ne ya fi cancantar dogon tunani ga mai iyali. Tallan salla ana iya ƙulla shi a mako guda a karɓi la'ada. Cinikin manhaja yakan ɗauki watanni: nuni, gwaji, jiran maigida ya dawo daga tafiya, sannan biya, sau da yawa kashi kashi. Wanda ya ajiye aikinsa ba tare da ajiyar da za ta riƙe gida ba yana iya komawa inda ya fito kafin cinikinsa na farko ya nuna. Daɗin abin yana zuwa daga baya, domin manhajoji da yawa da abonma ake biyansu, wata wata ko shekara shekara, mai saye ɗaya da aka riƙe da kyau yana iya kawo kuɗi shekaru.

Amma wannan ya dogara ga abin da aka rubuta a kwangila. Kafin sa hannu, mai neman aikin ya tambaya ko akwai albashi tsayayye ko la'ada ce kaɗai, ko ana biyan la'adar ranar da aka ƙulla ciniki ko sai kuɗi sun shigo, da ko yana da rabo in mai saye ya sabunta abonma. Ya kuma tambayi wanda zai je gyara in manhaja ta tsaya a Tasawa ko Birnin Ƙonni alhali masu gyaran duk suna Yamai. In kamfanin bai da amsa kan wannan, shi ne zai riƙa shiga mota.